Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi: Sarkin Maroko da ya yi sulhu da Sifaniya domin fansar kamammu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan karon za mu kawo tarihin Sarkin Maroko Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ake kira Muhammadu na Uku, Allah Ya jiƙansa. Ya yi sarauta shekara 33, daga 1757 zuwa 1790, wato daga 1171 zuwa 1204 bayan Hijira. Ɗaliban ilimi sun fi saninsa da hidimar da ya yi wa hadisi. Masu nazarin tarihi kuwa sun fi saninsa da sulhun da ya ƙulla da Sifaniya, maƙwabciyar da ta daɗe tana gaba da ƙasarsa. Mu a ganinmu waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya. Karatunsa ne ya nuna masa cewa Musulmin da ke ɗaure a hannun abokan gaba yana da haƙƙi a wuyan sarki, kuma ya gane cewa alƙalami da jakada sun fi igwa saurin sauke wannan haƙƙi.

Nasabarsa da tasowarsa

Sidi Muhammadu jikan Maulaya Isma'ilu ne, babban sarkin nan na gidan Alawiyyawa da ya yi zamansa a birnin Miknas. Da Maulaya Isma'ilu ya rasu a 1727, ƙasar ta shiga fitina ta shekara 30. Rundunar bayin sarki da ya kafa, wadda ake kira Abidul Bukhari saboda rantsuwar da suka yi a kan Sahihul Bukhari, ta koma ita ke naɗa sarki ita ke tuɓe shi. Mahaifin Sidi Muhammadu, Maulaya Abdullahi, an tuɓe shi an mayar da shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Baitulmali ya ƙare, hanyoyi suka lalace, ƙabilu suka daina biyan haraji. A cikin wannan hali yaron ya tashi.

Wadda ta fi tasiri a tarbiyyarsa ita ce kakarsa ta wajen uba, Khunatha 'yar Bakkar, daga Larabawan Magafira na Sahara, yankin da a yau yake cikin Muritaniya. Mace ce da aka sani da ilimi da kaifin hankali a sha'anin mulki. A shekarar 1143 bayan Hijira ta tafi aikin hajji, ta tafi da shi yana yaro. Don haka tun yana ƙarami ya ga ƙasashen Musulmi na gabas, ya ga cewa al'umma ta wuce iyakar ƙasar ubansa.

Da ya girma, mahaifinsa ya naɗa shi wakilinsa a Marrakish. A can ya koyi mulki, ya gyara abin da ya rushe na birnin, ya fara hulɗa da fataken Turai da ke zuwa gaɓar teku. Masu tarihin Maroko sun ruwaito cewa sojoji sun taɓa zuwa su yi masa mubaya'a alhali mahaifinsa na raye, ya ƙi karɓa, ya mayar da su ga biyayyar mahaifinsa. Wannan hali ya sa da Maulaya Abdullahi ya rasu a 1757, mutane suka haɗu a kansa ba tare da jayayya ba.

Tekun da ya tarar

Tsakanin Maroko da Sifaniya, a inda mashigin Jibralta ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 14 ba. Amma tun faɗuwar Garnaɗa a 1492, da korar sauran Musulmin Andalus daga 1609, ƙasashen biyu ba su zauna da amana ba. Sifaniya tana riƙe da garuruwa biyu a gaɓar Maroko, Malila tun 1497, da Sabta wadda Fotugal ta fara kamawa a 1415 kafin ta koma hannun Sifaniya. Fotugal kuma tana riƙe da Mazagan, garin da a yau ake kira Jadida.

A teku kuwa kowane ɓangare yana farautar ɗaya. Jiragen Sala da Aljaza'ir da Tunis da Ɗarabulus suna kama jiragen Kiristoci, jiragen Sifaniya da Malta da Napoli suna kama na Musulmi. Wanda aka kama ya zama bawa, ko ɗan kasuwa ne, ko masunci, ko mahajjaci. Kiristoci suna da ƙungiyoyin addini waɗanda aikinsu ke nan, tara sadaka su je su fanso mutanensu. Musulmi ba su da irin wannan tsari. Mutum yakan tsufa cikin sarƙa a ma'aikatar jiragen ruwa ta Kartahena, ko a aikin fasa dutse da gina hanya, iyalinsa ba su san ko yana raye ba, matarsa ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba.

Sabon sarki ya duba ƙarfinsa ya duba ƙarfin maƙwabtansa. Ya ga cewa ganimar teku ba ta kai kuɗin fiton da ciniki zai kawo ba, kuma ƙasar da ta gaji da yaƙin cikin gida ba za ta iya ɗaukar nauyin haraji mai yawa ba. Sai ya buɗe ƙofar yarjejeniya. Ya ƙulla da Ingila a 1760, da Siwidin a 1763, da Banis a 1765. Ya gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta Sawira domin cinikin waje ya taru a wuri ɗaya da zai iya sa ido a kansa. Wannan bai hana shi kare ƙasarsa ba. A 1765 jiragen yaƙin Faransa suka kai hari Ara'ish, aka fatattake su, aka kama wasu daga cikinsu, bayan shekara biyu Faransa ta zo ta yi sulhu. A 1769 ya kewaye Mazagan har mutanen Fotugal suka kwashe kayansu suka fita, garin ya dawo hannun Musulmi bayan fiye da shekara 250.

Wasiƙar kamammu da jakadancin Gazzal

Masu tarihin Maroko sun ambaci cewa abin da ya zaburar da shi game da Sifaniya wasiƙa ce da Musulmin da ke tsare a can suka aiko masa. A cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani da masu ilimi, sun kai kukan wahalar aikin da ake sa su. Mafi yawansu ma ba talakawansa ba ne, mutanen Aljaza'ir ne da ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Bai ce wannan ba ruwansa ba. Ya rubuta wa Sarkin Sifaniya Karlos na Uku, ya tuna masa cewa a Maroko ba a sa malaman addinin Kirista aikin ƙarfi, ya nemi a yi wa malaman Musulmi irin wannan. Ya kuma fara da kyautatawa, ya saki wasu 'yan Sifaniya da ke hannunsa ba tare da kuɗin fansa ba. Karlos ya rama da irin wannan. Wani limamin Kirista ɗan ɗariƙar Faransiskan mai suna Bartolome Hiron ya yi ta kai da komo tsakanin fadojin biyu.

A 1766 sarki ya aika magatakardansa Ahmadu ɗan Mahadi al-Gazzal, mutumin Fas, jakada zuwa Sifaniya. Gazzal ya ratsa garuruwan Andalus, ya shiga masallacin Ƙurɗuba da aka mayar coci, ya gana da Karlos, ya ziyarci kamammu a inda ake tsare da su. Ya dawo da waɗanda aka saki, tare da wasu littattafan Larabci. Ya rubuta labarin tafiyarsa a littafin da ya sa wa suna Natijatul Ijtihad fil Muhadanati wal Jihad. Tare da shi jakadan Sifaniya ya zo, babban hafsan sojan ruwa Horhe Huwan, kuma ranar 28 ga Mayu 1767 aka sa hannu a Marrakish kan yarjejeniyar zaman lafiya da ciniki. Aka amince jiragen juna su yi tafiya cikin aminci, a yi ciniki, Sifaniya ta ajiye ƙananan jakadu a tashoshin Maroko.

Amfanin farko ya bayyana a shekarar da ta biyo. Sifaniya da Aljaza'ir ba sa magana da juna, kowacce tana riƙe da mutanen ɗaya. Sarkin Maroko ya shiga tsakani, ya tura Gazzal Aljaza'ir a 1768, aka yi musayar da ta fitar da Musulmi fiye da dubu daga hannun Sifaniya, Kiristoci masu yawa su ma suka koma gida. Ko mutum ɗaya bai mutu a fagen fama ba kafin a sami wannan.

Matsayin wannan aiki a shari'a

Ɗalibi zai iya tambaya, ta yaya sarkin Musulmi zai yi sulhu da wanda ke riƙe da garuruwan Musulmi? Amsar tana cikin littattafan da muke karantawa. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi sulhun Hudaibiyya da Ƙuraishawa a shekara ta 6 bayan Hijira alhali Makka tana hannunsu, kuma ya cika sharuɗɗan har waɗanda suka yi wa sahabbai ɗaci. Suratul Anfal ta yi umarni da karkata zuwa sulhu idan abokin gaba ya karkata, ta kuma hana a auka wa wanda ake da alkawari da shi sai an sanar da shi a fili cewa alkawarin ya ƙare. Malaman Malikiyya sun bar al'amarin sulhu da tsawonsa ga ijtihadin shugaba gwargwadon maslaha.

Game da fansar kamamme kuwa, Bukhari ya ruwaito umarnin Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam da a kwance wanda aka kama, a haɗe da ciyar da mayunwaci da gaida marar lafiya. A mazhabar Maliku fansar wajibi ce. Ana farawa da baitulmali, in ya gaza sai dukiyar jama'ar Musulmi, sannan dukiyar shi wanda aka kama. An ruwaito daga Imamu Maliku cewa wajibin yana nan ko da zai cinye dukiyar Musulmi duka. Sidi Muhammadu ya ɗauki wannan hukunci a matsayin aikin da za a tambaye shi a kansa, ya ware masa kuɗi da jakadu har ƙarshen rayuwarsa.

Malila: inda aka jarraba alkawari

Zuciyarsa ba ta daina kallon Sabta da Malila ba, musamman bayan nasarar Mazagan. A watan Satumba 1774 ya rubuta wa Karlos cewa shi da mutanen Aljaza'ir sun yi niyyar ƙwato garuruwan gaɓa, amma zaman lafiyar teku da ciniki suna nan daram. A fahimtarsa yarjejeniyar 1767 ta shafi teku ne kawai. Sifaniya ba ta karɓi wannan fassara ba, ta shelanta yaƙi a watan Oktoba. Ranar 9 ga Disamba 1774 rundunar Maroko ta kewaye Malila, sarki da kansa yana wurin. Aka yi wajen kwana 100 ana harba igwa, ana haƙa ramuka a ƙarƙashin ganuwa. Ranar 19 ga Maris 1775 aka janye.

An kawo dalilai iri biyu na janyewar. Marubutan Turai sun ce jiragen Sifaniya sun ci gaba da kai wa garin abinci da sojoji ta teku, sun tare kayan yaƙin da ake kawo wa Maroko, kuma mutanen Aljaza'ir ba su kai harin da aka shirya za su kai Wahran ba. Marubutan Maroko kuwa sun ce Sifaniya ta fito da takardar yarjejeniya, aka ga tana cewa zaman lafiya a teku da tudu. Gazzal ya ce shi abin da ya rubuta a teku ne ban da tudu, an kankare harafin korewa an sa wawun haɗi a madadinsa. Da sarki ya ga abin da takarda ta ƙunsa, sai ya janye rundunarsa. Ya sauke Gazzal daga aiki, yana ganin laifinsa na taƙaita magana a wurin da ya kamata a faɗaɗa ta yadda ba za a iya taɓa ta ba. Gazzal ya koma Fas, ya rasu a 1777.

Babu abin da zai hana dalilan biyu su haɗu. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne cewa ya sanar kafin ya kai hari, kuma da ya janye bai riƙe gaba ba, nan take ya nemi a koma teburin magana. Bai sake ɗaga takobi a kan Sifaniya ba har ya bar duniya. A nan akwai darasi ga duk mai rubuta takardar ciniki, ko ta bashi, ko ta gado: harafi ɗaya ya jawo yaƙin kwana 100, ya kuma ƙare aikin babban magatakarda.

Yarjejeniyar Aranhuwes da shekarun yunwa

Komawa ga aminci ya ɗauki shekara biyar. A ƙarshen 1779 sarki ya aika wani jakada, Muhammadu ɗan Usmanu al-Miknasi, malami kuma marubuci. Ranar 30 ga Mayu 1780 shi da babban wazirin Sifaniya Floridablanka suka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya a garin Aranhuwes kusa da Madrid. Shi ma ya rubuta labarin tafiyarsa, ya sa masa suna Al-Iksir fi Fikakil Asir, sunan da ke nuna maƙasudin tafiyar, wato kwance wanda aka kama.

Kowane ɓangare yana da bukata a lokacin. Sifaniya ta shiga yaƙi da Ingila, ta kewaye Jibralta daga 1779 zuwa 1783, kuma Jibralta daga Maroko take samun shanu da ɗanyen abinci. Sarki ya ba jiragen Sifaniya damar amfani da tashar Ɗanja, ƙaramin jakadan Ingila da mutanensa suka bar garin. Maroko kuwa tana cikin fari da fara da yunwa, waɗanda suka ɗauki shekaru daga 1776 zuwa 1782. Sarki ya ɗage haraji, ya raba abinci a birane, ya ba fatake kuɗi su sayo hatsi daga ƙasashen Turai su sayar ba tare da ɗora riba ba. Daga cikin tashoshin da hatsin ya fito akwai Kadis ta Sifaniya. Ƙasar da ya harba wa igwa shekaru kaɗan da suka wuce, ta ƙofarta abinci ya shigo wa talakawansa. Da damina ta gyaru, alkama ta koma fita daga Darul Baida, wato Kasablanka, zuwa Sifaniya. Amincin ya kai har a 1787 aka buga wa Maroko kuɗin zinariya a gidan buga kuɗi na Madrid.

A wannan zamani ne kuma ya buɗe tashoshinsa ga jiragen Amurka a watan Disamba 1777, tun ƙasar tana yaƙin neman 'yancinta, aka ƙulla yarjejeniya da ita a Marrakish a 1786.

Malta da Napoli, da littattafan da ba su dawo ba

Babbar kasuwar bayi Musulmi a Bahar Rum ita ce tsibirin Malta. Bayan Aranhuwes, sarki ya sake tura ɗan Usmanu, ya isa can a 1782 da kuɗi masu yawa, ya fanso mutum fiye da 600. Yawancinsu talakawan Daular Usmaniyya ne, aka sa su a jirage aka mayar da su ƙasashensu. Daga nan ya wuce Napoli, inda sarkin garin, Fardinan, ɗan Karlos na Uku ne. Amincin uba ya buɗe ƙofar ɗa, aka ƙulla yarjejeniya, aka saki wasu kamammu. A shekarun nan ita ma Sifaniya ta yi sulhu da Daular Usmaniyya a 1782, da Ɗarabulus a 1784, da Aljaza'ir a 1786, farautar mutane a wannan yanki na teku ta ragu ƙwarai.

Akwai abu ɗaya da bai samu ba. A 1612 ɗakin karatun Sarki Maulaya Zaidan, dubban littattafan Larabci da aka ɗora a jirgin ruwa, ya faɗa hannun Sifaniya, aka kai shi fadar Eskoriyal. Gobarar 1671 ta cinye wani kaso. Tun zamanin Maulaya Isma'ilu jakadun Maroko ke neman a dawo da sauran. Ɗan Usmanu ya shiga ya gan su a jere, ya ɗauke su tamkar wasu kamammun. An ba jakadun kyautar wasu littattafai, amma na Eskoriyal suna can har yau.

Hidimarsa ga ilimi

Duk da wannan aiki, sarki bai bar littafi ba. Ya sa aka kawo masa Musnadin Imamu Ahmad da na Abu Hanifa da na Shafi'i daga gabas. Yana da majalisi da malamai inda ake karanta hadisi ana tattaunawa. Ya wallafa littattafai, mafi shahara shi ne Al-Futuhatul Ilahiyya, tarin hadisai. Yakan bayyana kansa da cewa shi Bamalike ne a mazhaba, Bahambale a aƙida.

Gab da ƙarshen mulkinsa ya fitar da doka kan karatu a masallacin Ƙarawiyyin na Fas da sauran makarantu. Ya umarci a koma ga Alƙur'ani da tafsiri da littattafan hadisi, a fiƙihu kuma a koma ga manyan littattafan farko irin su Mudawwana, da Risala ta Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani. A aƙida ya ce abin da ke farkon Risala ya wadatar. Ya ga cewa ɗalibai suna ƙarar da shekaru wajen haddace dunƙulallun kalmomin Mukhtasar na Khalil ba tare da fahimta ba, sai ya ce kada a karantar da shi sai da wasu sharhohi da ya ambata, irin su na Haɗɗab da Mawwaƙ da Kharshi. Ya hana karantar da ilimin kalam da manɗiƙ da falsafa a masallatai. Waɗannan littattafai biyu, Risala da Mukhtasar, su ne dai muke karantawa a zaurukanmu har yau, kuma muhawarar da ya tayar kan haddar taƙaitaccen littafi da fahimtar dalili ba ta mutu ba. Ba duk malaman zamaninsa suka yarda da shi ba, ɗansa Maulaya Sulaimanu ma ya dawo da martabar Mukhtasar bayan ya hau mulki.

Sukar da aka yi masa

Adalci ya sa mu ambaci abin da aka ce a kansa. Ya sa harajin kasuwa da na ƙofofin gari, wanda ake kira maksu. Ya nemi fatawar malaman Fas kafin ya sa, suka halatta bisa sharaɗin baitulmali ya gaza ɗaukar nauyin sojoji, amma talakawa ba su so shi ba, kuma Maulaya Sulaimanu ya soke shi daga baya. Wasu sun ƙi sayar wa Turawa alkama, suna ganin ƙarfafa abokin gaba ne, shi kuwa yana ganin da kuɗin ake sayen igwa da albarushi. Mahukuntan Aljaza'ir sun zarge shi da kusantar Sifaniya fiye da kima, musamman da jiragenta suka yi wa birninsu ruwan wuta a 1783 da 1784. Tilasta ciniki ya koma Sawira kuma ya kashe kasuwar wasu tashoshi irin su Agadir. Sannan ga babban abin da ake faɗa, ya rasu Sabta da Malila suna hannun Sifaniya.

Waɗannan maganganu suna da nauyinsu. Sai dai wanda zai yi masa hukunci ya kamata ya ɗora a ɗaya gefen sikeli dubban mutanen da suka koma ga iyalansu, da talakawan da suka ci abinci a shekarun fari, da taimakon dukiya da kayan yaƙi da ya aika wa Daular Usmaniyya lokacin yaƙinta da Rasha. Kakansa Maulaya Isma'ilu ya kewaye Sabta fiye da shekara 25 bai shige ta ba. Jikan ya san wannan tarihi, ya zaɓi abin da hannunsa zai iya kaiwa.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Karlos na Uku ya mutu a watan Disamba 1788. A lokacin ɗan sarki, Maulaya Yazidu, ya yi wa mahaifinsa tawaye, ya fake a hubbaren Shehu Abdussalam ɗan Mashish a duwatsun arewa. Sarki ya taso daga Marrakish domin ya warware al'amarin, ciwo ya tsananta masa a hanya, ya rasu kusa da Rabat a watan Afrilu 1790, a can aka binne shi.

Yazidu ya hau mulki ya juya wa manufar mahaifinsa baya. Ya kewaye Sabta, jiragen Sifaniya suka harbi Ɗanja a 1791, Sifaniya ta goyi bayan ɗan'uwansa Hishamu da ya fito neman sarauta. Yazidu ya rasu a 1792 sakamakon raunin da ya samu a yaƙi, Sabta ba ta dawo ba, ƙasa ta sake rabuwa tsakanin 'yan'uwa. Sai da Maulaya Sulaimanu ya daidaita mulki sannan aka sabunta sulhu da Sifaniya a Miknas a 1799, kuma wanda ya tsara shi shi ne ɗan Usmanu, tsohon jakadan mahaifinsa, wanda annoba ta ɗauke a wannan shekarar. Ginin shekara 30 ya girgiza cikin shekara biyu, ya ɗauki shekaru kafin a gyara shi.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, alkawari kaya ne, ko da wa aka yi shi. Sarkin da ke da runduna a bakin ganuwa ya tsaya a kan abin da takarda ta ce, to ina ga ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, ko ƙasa da maƙwabciyarta?

Na biyu, 'yan'uwantakar Musulunci ba ta tsaya a kan iyaka ba. Mafi yawan waɗanda ya fansa ba su taɓa biyansa haraji ba, wasunsu ma shugabanninsu suna sukarsa.

Na uku, hukuncin fansar wanda aka kama bai tsufa ba. Sabta da Malila har yau suna hannun Sifaniya, an kewaye su da dogayen shingayen waya, kuma daga cikin masu ƙoƙarin tsallake su akwai matasan ƙasashenmu. A watan Yuni 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Malila. Wasu kuma da suka bi hanyar Agadas suna tsare a gidajen masu safarar mutane a Libiya, ana kiran iyayensu ana neman kuɗi. Waɗannan suna da haƙƙi a kan hukumomi da jakadunsu, da masu dukiya, da mu malamai da ya kamata mu riƙa ambatonsu a kan mumbari, mu kuma yi wa masu niyyar tafiya nasiha tun ba su tashi ba.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri kan kowace wuya da ya kwance. Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawansu da cika alkawari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.